Yadda ake rage zafin allurar ciwon jiki da kumburi

Wata safiya a watan Janairu, irin safiyar da hunturun Jos ke sa mutum ya rasa inda zai ɓoye yatsunsa, wani dattijo mai dakon buhuna a kasuwar Farin Gada ya shigo ɗakin allura yana dafe da ƙugu. Ko zama bai yi ba ya ce, "Sista, ki yi mini mai zafin nan. Ta wancan karon ban ji shigarta ba, ina jin ruwa ce."

Na ce, "Baba, da aka yi maka ita ciwon ya sauka?"

Ya ɗan yi shiru, ya ce ya sauka kam, har ya koma aiki washegari.

Mutanenmu da yawa haka suka ɗauki abin: allurar da ta sa ka ɗingishi ita ce mai ƙarfi. Na daɗe ina riƙe sirinji, kuma abin da na gani shi ne yawancin zafin nan ba na magani ba ne, na gaggawa ne, da na tsira allura inda bai dace ba, da na tsoka da ta ƙanƙame saboda tsoro. Duk ana iya rage su. Wasu matakan na hannun wanda za a yi wa, wasu na hannun mai yi, amma gara ka san duka, don ka iya buɗe baki ka yi magana kafin a tsira maka.

Allurar da aka fi yi wa masu ciwon baya, ciwon ƙugu da sanyin ƙashi a nan ita ce wadda za ka ga an rubuta Diclofenac a jikin kwalinta, ma'aikata na ce mata dikulo. Kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan ne ya fara fito da maganin a 1973 da sunan Voltaren. 'Yar kwalbar da aka saba gani tana ɗauke da miligiram 75 a cikin ruwa mililita 3, wato fiye da rabin ƙaramin cokalin shayi. Maganin ba ya narkewa cikin sauƙi, don haka ake haɗa shi da wasu sinadarai da ke riƙe shi a narke, kuma duka-dukansu suna cizon nama. Ka ga ke nan abu biyu ne ke haɗuwa: ruwa mai ɗan yawa da ake tura wa tsoka lokaci guda, da ruwan da shi kansa yake da yaji.

Da farko, tambayi ko allurar ta zama dole

Wannan matakin shi ne mutane suka fi tsallakewa. Idan kana iya haɗiye ƙwaya ba ka amai, ƙwayar dikulo ko ɗan'uwanta ibufurofen takan yi kusan aikin da allura za ta yi, sai dai ta ɗan fi jinkirin kamawa. Akwai na shafawa ga gwiwa ko wuyan hannu, akwai kuma wanda ake matsawa ta dubura, wanda mutane ke jin kunyarsa alhali yana aiki sosai. Ka ce wa likita kai tsaye, "Likita, ko ƙwaya za ta wadatar?" Ba raini ba ne. Sau da yawa ma likitan ya rubuta allura ne don ya san idan bai rubuta ba za a ce bai duba mutum da kyau ba.

Inda allura ke da gurbi shi ne mai amai da ba abin da ke zama a cikinsa, mai murɗar tsakuwar ƙoda, wanda aka yi wa tiyata, ko ciwo ya tsananta ana son a karya shi da wuri. Ko a nan ma tana da iyaka: ɗaya a rana, idan abin ya yi ƙamari biyu da tazarar sa'o'i, kowace a ɓangarenta, kuma kada a wuce kwana biyu. Daga nan sai a koma ƙwaya. Wanda ya ce maka ka riƙa zuwa kullum har kwana biyar, ka tambaye shi wane likita ne ya rubuta haka.

Kafin a fasa kwalbar, ka faɗi abin da ke damunka ko da ba a tambaye ka ba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, wanda asfirin ke tayar masa da asma, mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe, duk wannan allura ba tasu ba ce. Mai hawan jini ma sai likita ya auna. Haka wanda ya kwana yana gudawa da amai jikinsa ya bushe: dikulo a kan busasshen jiki ƙoda take bugu. Yara kuwa ba a yi musu ita.

Wa zai yi maka

Ina 'yar makarantar koyon jinya ciwon jiki ya taɓa kama ni a gida lokacin hutu. Maimakon in je asibiti sai na leƙa wani kemis a unguwa. A tsaye aka yi mini, ina jingine da katan, labule ne kawai tsakanina da masu sayen Panadol. Ban gama cewa bismillah ba an gama. Bayan kwana huɗu wurin ya yi ƙulli kamar ƙwan zabo, ya ɗauki zafi, zama sai a karkace. Ƙarshe sai da aka tsaga aka matse mugunya, kuma tabon na nan har yau. Garin gudun layin asibiti na sa'a ɗaya, na yi mako uku ina zuwa wankin ciwo.

Lasisin da ake ba masu ƙananan shagunan magani na sayar da wasu magunguna ne, bai haɗa da yin allura ba. Ka je asibiti ko ƙaramar cibiyar lafiya inda akwai nas ko ma'aikacin lafiya da aka horar. Idan ka je, ka sa ido a kan abu uku. Sirinji da tsinken allura sababbi ne, a gabanka za a yage ledarsu. Kwalin maganin yana da lambar NAFDAC kuma wa'adinsa bai wuce ba. Ruwan da ke cikin kwalbar garai yake, ba gurɓata, ba ɗan tsaki-tsaki a ƙasa. Sannan kada ka yarda da "haɗi", wato a zuƙi dikulo da wani magani a sirinji ɗaya wai don a rage maka huda. Dikulo ba ta son kishiya. Idan aka cakuɗa ta takan iya daskarewa, kuma abin da ya daskare a cikin tsoka ƙulli yake zama.

Shirin mintuna biyar kafin allura

Ka ci wani abu, ka sha ruwa. Masu jiri su faɗi bayan allura galibi da yunwa da tsoro suka zo.

Ka sa tufafin da za su saki cikin sauƙi. A Jos wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin da hunturu mutum kan zo da wando biyu da rigar sanyi da babbar riga, sai ya zame ɗan wuri kaɗan ya ce a yi a nan. Wurin da ya buɗe ɗin sau da yawa ba shi ne wurin da ya dace ba.

Sanyin garin nan har kwalbar magani yake shiga. Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma kwalbar da ta kwana a kabad ko a jakar da aka ɗauko a kan babur da asuba takan zo da sanyi ƙalau. Ruwa mai sanyi ya fi ciwo a tsoka. Maganin abin mai sauƙi ne: a dunƙule kwalbar a tafin hannu na minti ɗaya ko biyu har ta saki. Ban ce a tsoma ta a ruwan zafi ko a kara ta a kurfoti ba. Ɗumin hannu ya isa. Kuma dikulo ba ta buƙatar firiji, inuwa kawai take so.

Idan an yi maka jiya, ka faɗi ɓangaren da aka yi, a sauya. Idan akwai tsohon ƙulli, tabo ko ƙurji, ka nuna a kauce masa.

Kwanta, kada ka tsaya

Maza ne suka fi gardama a nan. Wai kwanciya ta mata ce, su a tsaye za su karɓa. To, mutumin da ke tsaye tsokar mazaunansa ce ke riƙe da shi, a ɗaure take tamau, kuma tura ruwa cikin ɗaurarriyar tsoka kamar cusa kaya ne a buhun da ya riga ya cika.

Ka kwanta rub da ciki, ka juya yatsun ƙafafunka su kalli juna, dugadugai su buɗe waje. Gwada yanzu ka ji: a wannan yanayin ko ka so ka ɗaure mazaunai ba za su ɗauru sosai ba. Idan ciwon baya ko tumbi ya hana ka kifewa, ka kwanta a gefe ka lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama. In kuwa babu gado sam, ka dafa teburi ka mayar da nauyinka duka kan ƙafar da ba a ɓangarenta za a yi ba, ɗayar ta yi laƙwas.

Wurin da ake tsirawa

A nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa da wuri. Akwai wata babbar jijiya, ba ta jini ba, mai kai wa ƙafa ji da motsi, mafi girma a irinta a jikin ɗan Adam, kaurinta ya kai na yatsa, da ta taso daga ƙasan gadon baya ta ratsa ta cikin mazaunai ta gangara bayan cinya har tafin ƙafa. Idan allura ta same ta, ko magani ya zube a kusa da ita, ƙafa na iya mutuwa, mutum ya riƙa jan ta. Yara da yawa da ake cewa shan inna ce ta kama su bayan zazzaɓi, in ka bi diddigi allura aka yi musu a gurbin da bai dace ba.

Ƙa'idar ita ce a raba ɗuwawu ɗaya gida huɗu da ido, layi ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a yi allurar a gidan sama na waje, can kusa da ƙashin ƙugu. Ba tsakiya ba, ba wurin da ke taɓa kujera ba. Idan ka ji sanyin auduga a tsakiyar tsoka ko ƙasa-ƙasa, ka ce, "Malam, ɗan haura sama ta waje." Gara a ce ka cika iyayi.

Akwai wani gurbin da na fi so, a gefen ƙugu. Mai jinya na kwance a gefe, nas ta ɗora tafin hannunta a kan ƙashin da ya turo a saman cinya, manuniya ta nufi ƙashin ƙugu na gaba, ɗan yatsan tsakiya ya buɗe baya, sai a tsira a tsakanin yatsun biyu. Wurin ya yi nesa da babbar jijiyar, kitsensa bai kai na baya ba, kuma masu jinya sukan ce bai kai zafi ba. Sai dai wanda ya koya ne zai yi shi. Damtse kuwa a bar shi. Tsokarsa ta yi ƙanƙanta ga mililita 3 na irin wannan magani.

Hannun mai allura

Mutane kan roƙi a sa musu ƙaramin tsinke. Na gane dalili, amma an gudu ne ba a tsira ba. Gajeren tsinke a kitse yake sauke magani, kitse kuma ba shi da wadatar jini da zai kwashe shi, sai ya kwanta ya yi ta ci. Babban mutum yana buƙatar tsinke mai tsawon inci ɗaya da rabi, wanda aka fi sani da mai koren gindi, mai ƙiba ma har fiye da haka. Zafin huda na daƙiƙa ɗaya ne, na kwantacciyar allura na makonni.

Ga yadda nake yi, kuma ba ya ƙara ko minti biyu a kan aikin. Bayan na zuƙi maganin ina sauya tsinke, saboda wanda ya shiga kwalba ya jiƙe da magani a bayansa, wataƙila ma bakinsa ya dakushe a gindin gilashi, kuma wannan jiƙar ce ke yi wa fata raɗaɗi tun daga ƙofa. Ina danna wurin da babban yatsa da ɗan ƙarfi, in ƙirga goma. Jijiyoyin wurin sukan shagala da dannawar, hudar ta zo musu da sauƙi. Ina goge fata da sifirit in jira ta bushe, kamar rabin minti. Wanda ya tsira a kan ɗanyen sifirit ya tura shi cikin nama, shi ne wannan yajin da ke sa mutum zabura. Kuma ba a hura wurin da baki.

Sai in ja fatar gefe da hannun hagu kamar faɗin yatsa biyu in riƙe, in tsira a miƙe, da sauri, sau ɗaya. Shiga ce ake yi da sauri, ba turawa ba. In ɗan ja bututun sirinji baya in duba: idan jini ya biyo, an shiga jijiyar jini, sai a zare a sake sabon shiri a wani wurin. Idan babu, sai turawa a hankali, mililita ɗaya a daƙiƙa goma. Kwalba guda ke nan rabin minti. Da agogo a hannu za ka ga rabin minti yana da tsawo, shi ya sa masu sauri ke gamawa a daƙiƙa uku, su bar mutum da tsoka kamar an doke ta da taɓarya. Idan na gama ina ƙara ƙirga goma kafin in zare, sannan in saki fatar da na ja. Da ta koma mazauninta sai ta rufe hanyar da tsinken ya bi, magani ba zai biyo baya ya taru a ƙarƙashin fata ba.

Kai kuma naka aikin a wannan rabin mintin shi ne numfashi. Ja shi ta hanci, ka sake shi ta baki a hankali, a tsira lokacin da kake saki. Kada ka leƙa. Yi salati, ko ka biye wa nas idan ta ja ka da hira. Ba gulma ke damunta ba in ta tambaye ka kuɗin kwandon tumatir, hankalinka take ɗaukewa. Abu ɗaya ne ba a daurewa a kansa: idan ka ji wani abu kamar wutar lantarki ya tsarga maka daga mazaunai zuwa ƙafa, ka ce a tsaya nan take. Kada a tura ko ɗigo.

Bayan an zare

A danna da busasshiyar auduga na ɗan lokaci, shi ke nan. Murzar nan da aka saba yi da ƙarfi, wai don magani ya watsu, tana dawo da shi cikin kitse ne ta kuma ƙara ƙujewa. Ka zauna kamar kwata na awa kafin ka tafi, musamman in karon farko ne, saboda masu samun borin jini a lokacin yake tasowa. Daga nan ka ɗan taka a hankali. Tafiya ce ke watsa maganin, ba murza ba. Hawa babur daga Terminus zuwa Bukuru a kan sabuwar allura kuwa, in da hali a ɗan jinkirta.

A ranar farko ka bar wurin ya huta. Ni ba na son a ɗora ƙanƙara a kan allurar dikulo da zarar an yi ta, zan faɗi dalili a ƙasa. Idan ya kwana yana tsami, a jiƙa tawul da ruwan ɗumi, wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, a ɗora minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a rana. Ɗumi na ce. Na sha ganin iyaye mata sun gasa wuri da tafasasshen ruwa har fata ta saluɓe, mai ciwon suga kuma ba lallai ya ji yana ƙonewa ba. Man zafi ma kada a shafa a kan hudar.

Idan kana son ƙarin sauƙi, farasitamol ba ya faɗa da dikulo. Waɗanda ke faɗa da ita 'yan gidansu ne: ibufurofen, Feldene, asfirin, da garin Alabukun, wanda shi ma asfirin ne a ciki. Tara su a rana ɗaya ba ya ninka sauƙi, ciki da ƙoda yake ninka wa aiki. Masu aikin ƙarfi su suka fi yin wannan, allura da safe, ƙwayoyi haɗin kemis da dare.

Zafin da ba na jira ba

Tsami da ɗan tauri na kwana biyu zuwa uku ba komai ba ne. Amma ka koma asibiti idan wurin yana ƙara kumbura maimakon raguwa, ya yi ja, ya ɗauki zafi, ko zazzaɓi ya biyo. Ƙurji ne ke haɗuwa a ciki, kuma ba a matse shi a gida. Ka koma a ranar idan ƙafa ta yi nauyi, tana minjirya, ko ka ga ba ka iya ɗaga tafinta silifas na zamewa. Idan fuska ko leɓe ya kumbura, jiki ya feso da ƙuraje, numfashi ya yi wuya, wannan na gudu ne. Haka baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, ko fitsari ya ragu ƙwarai.

Akwai kuma wani abu da ba kasafai yake faruwa ba amma ya kamata a san shi. Wani likitan fata ɗan ƙasar Romaniya, Stefan Nicolau, ya bayyana shi a 1925, har yau da sunansa ake kiran ciwon, kuma dikulo na cikin alluran da ke jawo shi. Magani ne ke shiga ko ya matse ƙaramar jijiyar da ke kai wa fata jini. Alamarsa azababben zafi nan take, wanda ya wuce na kowace allura, sannan fatar wurin ta ɗashe, daga baya ta yi duhu shaci-shaci, in an bar ta ta mutu ta zama gyambo. A baƙar fata ba a saurin ganin canjin launi, don haka zafin ne abin lura. Sanyi yana ƙara tsuke jijiyoyin jini, ƙanƙara a nan ƙara ɓarna take yi. Wannan ne dalilina.

Idan a cikin gaɓa za a yi

Allurar da likitan ƙashi ke yi a cikin gwiwa ko kafaɗa dabam ce. Kotizon ne, wani maganin rage kumburi, ko danginsa, kuma likita ne kaɗai ke yin ta, da tsabta irin ta ɗakin tiyata. Galibi yana haɗa ta da maganin kashe zafi. In bai ambata ba, ka tambaya. Kada sauƙin farko ya ruɗe ka. Wata Hajiya da aka yi wa a gwiwa ta ji garau, ta wuce kasuwa ta yi cefanen biki, da dare aka dawo da ita a ɗauke. Maganin kashe zafin ne ya sake ta bayan 'yan sa'o'i, kotizon kuwa yakan ɗauki kwanaki kafin ya kama, kuma a wasu mutane gaɓar takan ƙara ciwo kwana ɗaya ko biyu tukuna.

A nan ƙanƙara tana da amfani: a naɗe ta a tawul, a ɗora kamar kwata na awa, a huta, a sake. A hutar da gaɓar kwana biyu, ba ɗaukar kaya, ba doguwar tafiya, salla ma in ta kama a yi a zaune. Mai ciwon suga ya riƙa gwada jininsa a makon, domin kotizon na ɗaga suga na wasu kwanaki. Likitoci ba sa son maimaita ta a gaɓa ɗaya kafin wata uku. Idan kuma bayan kwana biyu gwiwar na ƙara kumbura, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, kada a jira ranar da aka rubuta a kati, a koma wurin likitan a ranar.